Awa Biyar a Gindin Gawo

Motar ta yi mana magana tun muna tasha. Da direba ya murza makulli sai wata siririyar ƙara ta taso daga gaba, ƙiiii, kamar ana wasa wuƙa a kan dutse, ta ɗan jima sannan ta lafa. Mu bakwai ne ban da shi, kuma babu wanda bai ji ba. Wani dattijo da ke kujerar gaba ya juya ya ce, "Direba, wannan kukan fa?" Direba ya ce, "Ba komai Baba, sanyin safiya ne, tana ɗaukar zafi za ta daina." Ƙarshen watan Afrilu ne a Kano, sanyin safiya ya daɗe da yin bankwana. Dattijon ya yi shiru, mu ma muka yi shiru, don kowa ya ƙosa a tashi. Awa ɗaya da rabi muka yi a zaune muna jiran mutum na bakwai.

Ni ɗaurin aure ne zai kai ni Damaturu, na 'yar wani abokina da muka yi sakandare tare, ƙarfe 2 na rana. Ya ce in zo tun ranar Juma'a in kwana, na ce masa aiki ya yi mini yawa, zan biyo motar Maiduguri da sassafe ranar Asabar. Lissafin da na yi a raina shi ne kilomita 400 da 'yan kai, in an tashi ƙarfe 7 a isa kafin ƙarfe 1, har in samu in watsa ruwa in canza riga. Na fito da gorar ruwa guda, da waya mai rabin caji, da kuɗin mota, da ambulan ɗin gudummawa a aljihun gaba. Ban bar wa hanya ko minti ɗaya nata ba.

Sai 8:30 muka bar gari. Muka haye gadar Wudil, muka bi ta Shuwarin, muka tsallake kogin Jama'are, wanda a irin wannan lokaci yashi ya fi ruwa yawa a cikinsa. Tun 2006 aka ba da kwangilar mayar da hanyar Kano zuwa Maiduguri tagwaye, aka kasa aikin gida biyar, kuma duk inda kwalta ta kammalu mota takan tafi sumul har mutum ya manta da tsufan abin da yake zaune a ciki. Tamu 'yar Kwatano ce. Ta gama ƙuruciyarta a Turai, ta tsallako teku, ta yi shekara da shekaru tana safa da marwa a wannan layi da lodi har saman but. A Azare muka sha mai. Da direba ya sake tayar da ita kukan nan ya dawo, ya ma fi na safe tsawo.

Mun bar Azare da kamar minti 20, rana ta take tsaka, sai muka ji fat! daga gaba, wani abu ya bubbugi ƙarfe sau biyu ya yi shiru. Ina zaune a bayan direba, a idona jar fitila mai hoton batir ta kama, allurar zafi kuma ta fara hawa. Dattijon ya ce, "Tsaya." Direba ya ce, "Bari mu ƙarasa ƙauyen can Baba, ba nisa." Sai a lokacin dattijon ya ɗaga murya: "Na ce ka tsaya, yaro. Kashe ta." Ya gangara gefe ya kashe. Kafin ya ɗaga bonet tururi ya fara fita ta gefe, da ƙaurin roba.

Fanbel ne ya tsinke. Siririn abu ne da mai mota zai iya shekara bai kalle shi ba, amma a irin wannan mota shi ke juya abin da ke cajin batir, shi ke juya famfon da ke zagayawa da ruwa tsakanin inji da lagireto. Yana tsinkewa ruwan ya tsaya cak, injin kuwa yana ci gaba da cin wuta. Mintoci kaɗan ne tsakanin allura ta fara hawa da kan inji ya lanƙwashe, don na alminiyam ne, ba ya jure irin wannan zafi. In ya lanƙwashe gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai ya koma kamar kunun gyaɗa, sai ka ga farin hayaƙi ta salansa. Abin da bel ɗaya zai gyara ya koma sauke kan inji, mota ta yi kwanaki a gareji. "Ƙauyen can" ɗin nan ya kashe injina da yawa a hanyoyinmu.

Direba ya ɗauko tsumma ya nufi murfin lagireto. Dattijon ya riƙe masa hannu, sannan ya naɗe hannun tasa rigar ya nuna mana tabo, fatar ta yi fari ta tattare tun daga wuyan hannu har gwiwa. "Wannan a Jebba na same shi, ina yaron mota," in ji shi. Ashe tsohon direban tirela ne, mutumin Potiskum, garin manyan motoci da kasuwar shanu, ya haura shekara 30 tsakanin Legas da Arewa kafin ido ya sa ya ajiye. Ya ce murfin nan matse ruwan yake yi, shi ya sa yake iya wuce digiri 100 bai tafasa ba. Kana kwance shi matsin ya tafi, ruwan ya tafasa gaba ɗaya ya yi tsiri sama, ga fuskar mai buɗewa a saitinsa. Haka nan ba a sheƙa wa injin da ya yi zafi ruwan sanyi, tsagewa yake yi kamar tukunyar ƙasa. "A bar ta ta huce don kanta. Rabin awa ko fiye."

Mu kuma ya ba mu aiki. Ya sa muka tura motar ta sauka daga kan kwalta gaba ɗaya, aka yi mata waigi da dutse. Ya tambayi direba alwatikar nan mai ƙyalli da doka ta ce kowace mota ta riƙe, babu. Sai ya tura wani ɗalibi da ke cikinmu da wani matashi suka karyo rassan sabara su jera a bakin titi. Sun ajiye a taku goma, ya ce su ƙara gaba, su ƙara dai, har sai da suka yi nisa sosai. Tirela mai lodi ba ta tsayawa a inda direbanta ya ga abu, sai ta yi doguwar tafiya tana jan birki, saboda haka ganyen da aka ajiye a gindin mota bai gargaɗi kowa ba. Sannan ya kore mu duka daga jikin motar. Mutane suna son fakewa a inuwar motar da ta lalace, wani har ya kwanta a ƙarƙashinta. Ya ce shi ya ga waɗanda lalacewar mota ta bari da ransu, motar da ta biyo baya ta kwashe su a tsaye a bakin titi.

Can cikin gona akwai gawo guda. Wannan itace halinsa daban ne: da damina, lokacin da kowane itace ke kore shar, shi zubar da ganye yake yi, da rani kuma ya yi lif-lif. Shi ya sa manomi ba ya sare shi, ba ya tare wa gero rana, ga takin da yake zubarwa. A tsakiyar bazara, a ƙasar da zafi ke haura digiri 40, inuwarsa ce kaɗai a wurin. Nan muka taru, ƙarfe 12 da 'yan mintoci.

Mota ɗaya ce ta lalace mana, amma ba wahala ɗaya muke sha ba. Ni na kasa zama. Ina duba agogo ina ƙirge: in an gyara kafin 12:30, in direba ya taka, wataƙila in samu ko addu'ar ƙarshe. Na koma bakin titi ina ɗaga wa motoci hannu, duk a cike suke wucewa. Ruwana ya ƙare kafin ƙarfe 1, cajin wayata ya yi ja saboda kiran da nake ta yi ina ba da haƙuri. Akwai wani ɗan kasuwa mai dilolin atamfa a but, ya yi alkawarin sauke kaya a Maiduguri a ranar. Shi faɗa ya kama. "Kai direba, ka san motarka ba lafiya ka ɗebo mu? Ka juye mu a wata ko ka ba mu kuɗinmu!" Ɗalibin kuwa wayarsa ta mutu tun Azare, iyayensa na can suna jiran kira, sai share gumi yake yi.

Sai wata Hajiya, dattijuwa, da jikarta 'yar shekara takwas ko tara. Ita ba ta ce uffan ba. Ta shimfiɗa zani a gindin gawon, ta aiki yarinyar ta ɗauko mata jakar bakko. Ta fito da galan na ruwa mai lita 5 an naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma, da kofin silba, da 'yar buta. Ta fito da dambun nama a leda, da ƙuli-ƙuli, da dabino. Har da ɗan batirin cajin waya da ɗanta ya saya mata, ta miƙa wa ɗalibin ta ce, "Ungo, kira uwarka tukuna." Sannan ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, zo ka zauna. Tsayuwarka ba za ta ɗaura bel ɗin nan ba."

Na zauna, na sha ruwa, na tambaye ta ko ita ba ta sauri. Ta ce 'yarta ce ta haihu a Maiduguri, suna sai ranar Talata. Na ce, "To Hajiya, ai kin yi sammako da yawa, yau fa Asabar." Ta ce, "Kwana uku na ɗebo. Ɗaya na tafiya, ɗaya na hutun gajiya, ɗaya na hanya in ta nema. In ba ta nema ba na ci riba, na ƙara kwana da jaririn." Ta ce tun tana amarya take bin wannan hanya, tun zamanin Fijo, kuma ba ta taɓa fita ba ta riƙe ruwan da zai kai ta dare ba.

Na daɗe ina juya maganar nan a raina. Mun saba cewa haƙuri hali ne, wani an haife shi da shi, wani bai samu ba, kuma lallai akwai hali a ciki. Amma a gindin gawon nan na ga wani ɓangare nasa da ba a cika faɗa ba. Hajiya tana da ruwa, tana da abinci, tana da kwana biyu a hannu, saboda haka zaman nan bai ƙwace mata komai ba. Ni kuwa duk mintin da ya wuce daga cikin abin da ba ni da shi ake ɗiba. Da ranar Juma'a na fito, da ni ma ina zaune ina ba wasu baki. Rabin natsuwar da na gani a fuskarta a gida ta ƙullo shi, tare da dambun naman. Mu masu waya a hannu mun koyi auna tafiya da abin da taswirar waya ta nuna, awa kaza da minti kaza, sai mu ɗora alkawari a kan wannan adadi kamar an sa hannu. Taswirar ba ta san jiran cikar mota ba, ba ta san shingen bincike ba, ba ta san tirelar da ta faɗi ta tare hanya ba, balle ƙarfen da ya fara cinyewa a ƙarƙashin bonet. Mutanen da suka yi tafiya kafin zuwan waya sun san hanya tana da nata rabon, kuma sukan ware mata shi tun kafin su ɗaura kaya.

Da injin ya huce direba ya tsinto tsinkakken bel ɗin, ya tare mai babur zai koma Azare. Dattijon ya ce ya tafi da tsohon, don a bayansa akwai lamba da ke nuna yawan layukansa da tsawonsa, in aka saya da ka sai a kawo wanda ya yi kaɗan ko ya yi sako-sako. Ya kuma ce ya taho da bakanike. Direba, don ya rage kuɗi, ya dawo shi kaɗai da bel bayan awa guda. Aka zo ɗaurawa, dattijon ya sa hannu yana juya ƙananan ƙafafun ƙarfen da bel ɗin ke bi ta kansu, waɗanda makanikai ke kira fuli, ɗaya bayan ɗaya. Uku suka juya lafiya, na huɗu ya ƙi motsi. Boris ɗinsa ya cinye ya kafe. Wannan ne kukan da muka ji a tasha: bel yana gogar ƙarfen da ya fara ƙin juyawa, yana zafi, yana cinyewa, har ya tsinke. Da an ɗaura sabon a haka, da shi ma ba zai kai Potiskum ba. Dole direba ya sake hawa babur. Sauri ya haifi nawa.

Kafin ya hau ya ja dattijon gefe, amma mun ji. Ba shi da kuɗin boris da na bakanike. Abin da muka biya ya riga ya kasu: kamasho a tasha, mai a Kano, mai a Azare, abin da ake miƙawa a hanya, sauran kuma balas ne na mai mota, wanda zai karɓa ko an samu ko ba a samu ba. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, kayan gyara ma suka bi dala suka yi sama. Abin da direban haya ke fara yankewa in ya matsu shi ne gyaran da fasinja ba ya gani. Juyen baƙin mai ya ƙara sati biyu, taya ta ƙara wata uku, kukan bel kuma a ce masa sanyin safiya. Ya ce kwana huɗu ke nan yana jin ƙarar, yana cewa in ya dawo daga wannan lodin zai kai ta gareji.

Ban wanke shi ba. Rayuka bakwai ya ɗauka a kan abin da ya san ba lafiya, kuma matsi ba ya halatta wannan. Amma na kasa ɗora masa laifin shi kaɗai, don a tasha mu ma mun ji. Dattijon ne kawai ya yi magana, da ya ga babu wanda ya mara masa baya sai ya ja bakinsa. Da mu bakwai muka ce ba za mu tashi ba sai an ɗaga bonet, da ɗan lokaci kaɗan ne a garejin bakin tasha, cikin gari, ga kayan gyara ga inuwa. Akwai wata kunya da ke kama fasinja, kada a ce ya cika tsoro, ko a ce yana yi wa tafiya mugun baki. Akan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma gaskiya ne, amma abin da ya yi kwana huɗu yana kuka yana neman a duba shi, ban ga yadda za a kira shi tsautsayi ba.

Dattijon ya zaro abin da ya sawwaƙa ya sa a hularsa. Hajiya ta kwance bakin zani. Ni ma na buɗe ambulan ɗin gudummawa na zari wani abu. Ɗan kasuwan ya yi ƙunƙuni, sannan ya ba da abin da ya fi na kowa, ya ce, "Bashi ne fa."

Wani manomi da ke sharar gona can nesa ya zo ya yi mana sannu, ya koma, sai ga yaransa biyu da jarka a baro. Ruwan rijiya ne, da shi muka yi alwala, da shi aka cika lagireto daga baya. Dattijon ya ja mu Azahar ƙasaru a inuwar gawon. Muka haɗa wa manomin ɗan abu ya ƙi karɓa, ya ce da wuya wata ya wuce mota ba ta mutu a wannan miƙen ba, rijiyarsa ta saba.

Direba ya dawo da boris da bakanike. Bakanike na aiki, dattijon ya zagaya motar da mu. Ya nuna mana lambobi huɗu da ke jikin kowace taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Wadda aka rubuta wa 2316, a mako na 23 na 2016 aka yi ta. Taya tana iya nuna zane mai kyau alhali robarta ta bushe ta tsattsage, kuma a kan kwalta mai zafi, da lodi da gudu, irin waɗannan ne ke fashewa. Ya sa direba ya fito da safaya, muka tarar babu iska a ciki. Ya ce a Potiskum za a tsaya wurin mai faci, ba musu. Ɗalibin kuma ya sa shi ya adana 122 a wayarsa, lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra.

Ƙarfe 5 saura kaɗan motar ta tashi, babu kuka. Dattijon bai bari mun shiga ba sai da aka kwashe rassan nan daga titi, don kada su zama tarko ga na baya. Muna hawa kwalta ɗan kasuwan ya ce, "Yauwa direba, yanzu sai ka taka ta mu fanshe lokacin nan." Direba yana so ya wanke kansa a idonmu, na ga allura ta fara wuce 110. A ganina nan ne wuri mafi haɗari a duk tafiyar, ya fi tsinkewar bel, don yanzu kowa a gajiye yake, a fusace, yana jin hanya ta ci masa bashi. Dattijon ya ce, "Ɗaga ƙafarka. Awa biyar ɗin nan sun tafi, ba a gaba suke jiranmu ba."

Daga inda muke zuwa Maiduguri kusan kilomita 300 ne. A gudun 90 tafiyar awa 3 da minti 20 ce, a gudun 120 kuma awa 2 da rabi. Minti 50 ke nan za a samu, a kan tsofaffin tayoyi, da injin da ya gama tafasa ɗazu, alhali nisan da mota ke ci kafin birki ya tsayar da ita ya kusa ninkawa tsakanin gudun nan biyu. Ko an yi hakan ma, rana tana faɗuwa wajen 6:30, duhu ne zai riske su tsakanin Damaturu da Maiduguri.

Duk wanda ya san wannan layi ya san abin da hakan ke nufi. A daren 9 ga Fabrairun 2020, matafiyan da suka iso Auno, kilomita 20 da 'yan kai kafin Maiduguri, bayan an rufe ƙofar shiga gari, suka kwanta a cikin motocinsu suna jiran wayewar gari. 'Yan ta'adda suka afka musu, aka kashe mutane aƙalla 30, aka ƙona motoci, aka tafi da mata da yara. Allah ya jiƙansu. Babu wanda ya ambaci sunan garin a cikin motarmu, amma da dattijon ya ce, "Yau Damaturu za ku kwana," ɗan kasuwan bai ƙara cewa komai ba. Ya ciro waya ya kira mai jiran kayansa ya ce sai gobe in Allah ya kai mu. Ina jin muryar mutumin yana cewa, "Ba komai, Allah ya kawo ku lafiya."

A Potiskum aka ba safaya iska, dattijon ya sauka da 'yar jakarsa. Ya leƙo ta taga ya ce wa direba, "Ɗana, mota ba ta mutuwa ba ta yi sallama ba. Ka riƙa kashe rediyo da safe kana saurarenta." Direba ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce, "Na gode Baba, Allah ya saka da alheri." Ban tambayi sunansa ba, kuma har yau abin yana damuna.

Mun shiga Damaturu bayan Magariba. A ƙofar gidan abokina ana naɗe tabarmi, ana loda kujerun haya a a-kori-kura. Ya rungume ni ya ce, "Ka iso lafiya, shi ke nan." Amma 'yarsa ta fari ce, kuma na san ya so a ce ina cikin waɗanda suka shaida. Na gaya masa akwai wata baiwar Allah da jikarta da na baro a tasha ba su da masauki. Ya tura ƙaninsa ya ɗauko su, aka shigar da su cikin gida wurin mata.

Da safe muka fito za mu raka su tasha. Tsakanin Damaturu da Maiduguri kilomita 130 ne ko kusa da haka, tafiyar awa biyu. Hajiya ta tsaya a famfon ƙofar gida ta ɗauraye galan ɗinta, ta cika shi har wuya, ta jiƙa tsumman ta sake naɗe shi. Ƙanin abokina ya ce, "Hajiya, ai yanzun nan za ku isa." Ta ce, "In Allah ya yarda." Ta ɗaure murfin da leda, ta ɗora wa yarinyar a ka.